Garnaɗa Cikin Kwana Biyu: Abin Da Ya Tsira Da Dalilin Tsirarsa

Wanda ya taɓa zama a kotun shari'ar Musulunci a Kano ko Sakkwato ko Zariya, da wuya bai ji an ambaci Tuhfa ba. Littafi ne na hukunce-hukuncen alƙalanci a mazhabar Malikiyya, an tsara shi a waƙe, baiti fiye da 1,600, don ɗalibi ya iya haddace shi. Mawallafinsa, Abubakar Ibn Asim, ya riƙe muƙamin alƙalin alƙalai a wani birni da ke gindin duwatsu a kudancin Sifaniya, ya rasu a 1426. Malamanmu Garnaɗa suke kiran birnin. A taswirar waya da tikitin jirgi kuwa sunansa Granada, kalmar da ke nufin rumman a harshen mutanen ƙasar. Shekara 66 bayan rasuwar Ibn Asim birnin ya fita daga hannun Musulmi, daga baya har harshen da ya yi rubutu da shi aka haramta. Amma littafin har gobe ana kafa hujja da shi a gaban masu ƙara waɗanda ba su taɓa jin sunan garin mai shi ba.

Garnaɗa ta yau ba ta da girma. Mazaunanta wajen 230,000 ne, kuma kusan duk abin da baƙo zai so gani ƙafa tana kai shi. Daga Madrid jirgin ƙasa mai gudu yana isa cikin awa uku da rabi ko makamancin haka. Kwana biyu sun isa a zagaya ta. Sai dai baƙi da yawa sukan zo da abu ɗaya cikin biyu: ko neman wurin ɗaukar hoto, ko kukan Andalus da aka rasa. Akwai tambayar da ta fi waɗannan amfani, kuma ana iya riƙe ta tun daga ƙofar fada har gaban faranti: me ya sa wannan ya tsira, wancan ya ɓace? In ka bi birnin da ita za ka ga amsar tana maimaita kanta. Abin da ya rage shi ne wanda wani ya ci gaba da buƙatarsa, ko wanda aka kwafa aka fita da shi.

Masarautar da ta rayu da dabara

Musulmi sun tsallaka zuwa Sifaniya a 711, amma Garnaɗa ba ta zama babban birni ba sai bayan shekara 300. Da daular Kurɗuba ta wargaje, wani jagoran Barbar na ƙabilar Sanhaja mai suna Zawi ibn Ziri ya kafa mulkinsa a nan wajen 1013, a kan tudun da yau ake kira Albaicín. Zamanin gidan Ziri yana da haske da duhu. Bayahude, Sama'ila ibn Nagrila, ya yi musu waziri har ya jagoranci rundunarsu. A 1066 kuma jama'ar gari suka kashe ɗansa Yusuf wanda ya gaje shi, suka afka wa Yahudawan birnin da kisa. Mai son ya ce Andalus aljanna ce ta zaman lafiya, ya tuna da wannan shekara.

Gidan sarautar da ya gina abin da ake zuwa kallo yau shi ne Banu Nasr. Wanda ya kafa shi, Muhammadu ibn al-Ahmar, ya shiga Garnaɗa a 1238, shekara biyu bayan Kurɗuba ta faɗa hannun Kiristocin Kastila. Ya duba ƙarfinsa ya ga ba zai iya ja da su ba, sai ya yi mubaya'a ga Sarki Fernando na Uku a 1246, ya yarda da biyan haraji, har ya aika mahayansa suka taimaka wajen kewaye Ishbiliya, birnin Musulmi, wanda ya faɗi a 1248. Da irin wannan siyasa masarautar ta yi shekara sama da 250: yau ta jingina da Kastila, gobe ta nemi agajin sarakunan Maroko, tana sayar da alharini ga fataken Italiya, duwatsu kuma suna kāre mata baya.

Kwana na farko, da safe: Alhamra

Tun kafin ka bar gida ka sayi tikitin Alhambra ta intanet, a shafin hukumar da ke kula da wurin, domin yakan ƙare makonni kafin ranar. Tikitin da sunanka yake fita, don haka ka riƙe fasfo. A jikinsa akwai lokacin da aka ba ka na shiga fadojin Banu Nasr, in ya wuce ba za a bar ka ka shiga ba. Daga dandalin Plaza Nueva hanyar Cuesta de Gomérez tana haurawa cikin inuwar itatuwa. Wanda hawa ke wahalar da shi, akwai ƙananan bas jajaye da ke kaiwa har bakin ƙofa.

Sunan daga Larabci ne, al-Hamra, wato ja, saboda launin ƙasar da aka dake aka yi ganuwa da hasumiyoyi da ita. Amma aikin farko da Ibn al-Ahmar ya yi wa tudun ba na ado ba ne. Ya tare Kogin Darro a can sama, kimanin kilomita shida daga fadar, ya janyo ruwan ta magudana mai gangara a hankali a jikin dutse, har ya iso tudun ta bisa. Daga nan ruwan ya ratsa lambunan Generalife, ya tsallaka gada ya shiga cikin ganuwa, ya rarrabu zuwa tafkuna da gidajen wanka da maɓuɓɓugai. Babu inji ko ɗaya, gangara ce kawai da lissafi. Duk ƙarar ruwan da za ka ji a wurin, asalinta wannan magudana ce.

Mafi yawan abin da ido ke sha'awa aikin sarakuna biyu ne, uba da ɗa. Yusuf na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1333 zuwa 1354, shi ya gina Ƙofar Shari'a a 1348 da kuma zauren sarauta da ke cikin hasumiyar Comares. Ka ɗaga kai a zauren nan: rufin katako ne guntu-guntu fiye da 8,000, an harhaɗa su don su wakilci sammai bakwai, a ƙarƙashinsu kuma an sassaƙa Suratul Mulk. Ɗansa Muhammadu na Biyar ya gina Farfajiyar Zakuna, mai ginshiƙai 124 da zakuna 12 na farin dutse ɗauke da kwanon ruwa. Bangayen cike suke da rubutu, akwai waƙoƙin waziri Ibn Zamrak, akwai kuma taken gidan sarautar da aka maimaita ba adadi, mai cewa babu mai rinjaye sai Allah.

Bayan wannan ado akwai jini. An soke Yusuf na Ɗaya da wuƙa yana sallar Idi a 1354. An tumɓuke Muhammadu na Biyar a 1359, ya yi gudun hijira zuwa Fas, ya dawo a 1362. Babban wazirinsa Ibn al-Khaɗib, masanin tarihi kuma likita, ya ƙare a kurkukun Fas inda aka shaƙe shi, kuma almajirinsa Ibn Zamrak yana cikin waɗanda suka bi shi da tuhuma. Ibn Khaldun ma ya zauna a wannan fada, har aka aike shi jakada wajen Sarki Pedro na Kastila a 1364, amma bai daɗe ba ya tattara ya koma Arewacin Afirka.

Yanzu tambayarmu. Kayan da aka yi adon nan da su ba masu ƙarko ba ne: shafen farar ƙasa ne da katako da tayil. Fadar Madinatuz Zahra ta kusa da Kurɗuba, wadda aka gina da dutse, kufai ce yau. Alhamra ta tsira ne saboda waɗanda suka ci garin sun so ta, suka mayar da ita gidan sarautarsu, suka ware kuɗin gyara, suka riƙe magina Musulmi suna yi mata aiki. Masallacin da ke cikinta ba su da buƙatarsa, an rushe shi an gina cocin Santa María a wurin. A 1527 aka fara gina wa Sarki Carlos na Biyar wata ƙatuwar fada ta dutse a tsakiyar wurin, murabba'i a waje, da'ira a ciki. Da harajin da aka ɗora wa zuriyar Musulmin garin aka yi aikin, shi kuwa bai taɓa kwana a cikinta ba, ba a ma yi mata rufi ba sai a ƙarni na 20. Da sarakuna suka daina zuwa, Alhamra ta fara lalacewa, talakawa suka tare a ɗakunanta, sojojin Faransa suka tarwatsa wasu hasumiyoyi da albarushi da za su fita a 1812. Littafin da Ba'amurke Washington Irving ya fitar a 1832, bayan ya zauna a ciki, shi ya jawo mata sababbin masu buƙata, wato baƙi. A 1870 gwamnati ta ɗauke ta cikin kayan tarihin ƙasa, a 1984 hukumar UNESCO ta sa ta cikin na duniya.

Kwana na farko, da yamma: cikin gari

Mutanen Sifaniya ba sa cin abincin rana sai ƙarfe biyu ta wuce, na dare kuwa sai tara. Bayan ka ci ka huta, sai ka nufi tsakiyar gari, inda wurare huɗu ke kusa da juna kamar an jera su don a ba da labarin faɗuwar birnin.

Auren Isabel ta Kastila da Fernando na Aragon a 1469 ya haɗa ƙarfin manyan masarautun Kirista biyu. Yaƙin da suka fara da Garnaɗa a 1482 ya tarar da gidan Banu Nasr a rabe uku: Sarki Abul Hasan, da ƙanensa Az-Zagal, da ɗansa Abu Abdullahi wanda Turawa ke kira Boabdil. An kama Abu Abdullahi a yaƙin Lucena a 1483, aka sake shi bisa sharaɗin biyayya, ya koma yana yaƙar mahaifinsa da baffansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Manyan bindigogi suka rusa ganuwoyi ɗaya bayan ɗaya, Malaga ta faɗi a 1487, Almeriya a 1489. Ranar 25 ga Nuwamba 1491 aka sa hannu a yarjejeniya, ranar 2 ga Janairu 1492 aka miƙa makullai. Labarin da ake yawan bayarwa, cewa Abu Abdullahi ya waiwaya ya yi kuka mahaifiyarsa ta yi masa gori, daga alƙalamin marubutan Kirista na baya ya fito. Abin da yake tabbas shi ne an ba shi ƙasa a tsaunukan Alpujarras, a 1493 ya sayar ya tsallaka zuwa Fas.

Wuri na farko shi ne Capilla Real, inda kaburburan Isabel da Fernando suke, jikin babbar majami'ar da aka fara ginawa a 1523. Cocin Sagrario da ke manne da su a kan filin babban masallacin Juma'a yake. Daura da su akwai Madraza, makarantar da Yusuf na Ɗaya ya kafa a 1349. An ba majalisar gari ginin ta mayar da shi ofis, ta sauya masa fuska, amma ɗakin salla da mihrabinsa yana nan a ciki, yau kuma Jami'ar Granada ke riƙe da wurin. Na uku shi ne Corral del Carbón, masaukin fatake na ƙarni na 14, mai ƙofa doguwa da ɗakuna hawa uku kewaye da tsakar gida. Ya tsira saboda bai taɓa rasa aiki ba: an yi wasan kwaikwayo a ciki, an tara gawayi, an ba da hayar ɗakuna. Kasuwar alharini ta Alcaicería kuwa gobara ta cinye ta a 1843, wadda ake gani yanzu kwaikwayo ce ta masu sayar da tsaraba.

Na huɗu shi ne dandalin Bib-Rambla. Yarjejeniyar 1491 ta yi wa Musulmin Garnaɗa alkawarin masallatansu da alƙalansu da dukiyarsu, kuma ba wanda za a tilasta wa barin addininsa. Yahudawa ba su jira ba, ranar 31 ga Maris 1492 aka sa hannu a dokar korarsu a cikin Alhamra. Ga Musulmi, alkawarin ya yi shekara bakwai. Limamin Katolika na farko a birnin, Hernando de Talavera, ya bi hanyar lallashi, har ya sa malaman cocinsa koyon Larabci. A 1499 Francisco Jiménez de Cisneros ya iso da gaggawa, ya fara yi wa mutane baftisma jama'a-jama'a. Unguwar Albaicín ta yi bore, sarakuna suka ce bore ya warware yarjejeniya. A wannan dandali aka tara littattafan Larabci dubbai aka cinna musu wuta. Na likitanci kaɗai aka ware aka kai jami'ar Alcalá, domin su akwai mai buƙatarsu. A 1502 doka ta fita a duk Kastila: ko baftisma ko hijira.

Yau dandalin cike yake da shagunan shayi, kuma an san shi da churros, wani soyayyen ƙulli dogo da ake tsomawa a cakulan mai kauri. Ka zauna ka ci, ka duba filin.

Kwana na biyu: Albaicín da ruwanta

Ka sa takalmi mai sauƙi, domin unguwar hawa ce da lunguna masu daɓen duwatsu. Ka fara daga Carrera del Darro, titin da ke bin gefen kogi. A nan El Bañuelo yake, gidan wanka na ƙarni na 11, mai rufi da aka huhhuda kamar taurari don haske ya shigo, tururi ya fita. Sababbin masu mulki sun ɗauki yawan wanka alamar Musulunci, sun rufe irin waɗannan gidaje sun rushe mafi yawansu. Wannan ya kuɓuta saboda an gina gida a kansa, daga baya mata suka mayar da shi wurin wanki.

Yayin da kake haurawa za ka riƙa ganin wasu ƙananan gine-ginen bulo masu baka a bakin hanya. Aljibe ake kiransu, daga al-jubb, ma'ajiyar ruwa ce ta ƙarƙashin ƙasa, kuma fiye da ashirin suna nan. Mafi girmansu, Aljibe del Rey, yana ɗaukar lita wajen 300,000. Ruwansu daga wata maɓuɓɓuga yake zuwa a ƙauyen Alfacar, ta magudanar Aynadamar mai tsawon kilomita 13 ko kusa da haka, wadda aka haƙa tun zamanin gidan Ziri. Akwai ƙa'idar rabo, an san sa'o'in gonaki, an san na gidaje da ma'ajiyoyi. Masu mulkin da suka ƙona littattafai ba su taɓa wannan tsari ba, sai ma suka sa aka tambayi dattawan unguwa aka rubuta yadda yake aiki, suka kafa kotun ruwa. Mutanen Albaicín sun ci gaba da ɗiba daga waɗannan ma'ajiyoyi har tsakiyar ƙarni na 20. Ga kuma dabarar karanta unguwar: in ka ga aljibe jingine da coci, mafi yawan lokuta masallaci ne a wurin a da. Hasumiyar cocin San José ta ladani ce ta ƙarni na 11, an ɗora mata ƙararrawa. A cocin El Salvador, farfajiyar babban masallacin unguwar tana nan da bakunanta. Gidan Dar al-Horra, na mahaifiyar Abu Abdullahi, ya rayu ne a cikin harabar mata masu zaman zuhudu na coci.

Zuriyar waɗanda aka yi wa baftisma, Moriscos, sun yi shekara kusan saba'in a unguwar nan, Kirista a takarda, da yawansu Musulmi a ɓoye. A 1567 Sarki Felipe na Biyu ya haramta musu Larabci, magana da rubutu, da sunayensu da tufafinsu da gidajen wanka da kiɗan bikinsu, ya ce a bar ƙofofin gidaje a buɗe ranar Juma'a. Wani dattijo daga cikinsu, Francisco Núñez Muley, ya rubuta koke yana cewa tufafi da harshe al'adar ƙasa ce, ba addini ba, ya kawo misali da Kiristocin Ƙudus da Malta masu jin Larabci. Ba a saurare shi ba. A ƙarshen 1568 tawaye ya tashi a Alpujarras, ya ƙare a 1571 da kwashe mutum wajen 80,000 daga masarautar aka warwatsa su cikin Kastila. Tsakanin 1609 da 1614 aka kori Moriscos kusan 300,000 daga Sifaniya baki ɗaya. Kyawawan gidajen nan masu lambu da ake kira carmen, waɗanda baƙi ke leƙe ta kan katanga, da yawansu a kan kufan ƙananan gidajen korarru aka shimfiɗa su.

In da sauran ƙarfi, ka ƙarasa tudun Sacromonte, unguwar gidajen kogo ta al'ummar Roma, masu rawar da ake kira zambra, sunan da suka gada daga kiɗan bikin Moriscos da aka haramta. A kan tudun akwai gidan ibada mai labari na ban mamaki. Daga 1595 aka fara tono wasu faya-fayan dalma masu rubutun Larabci, suna nuna cewa Kiristocin farko na Garnaɗa Larabawa ne, kuma Nana Maryamu tana ƙaunar harshen. Garin ya ɗauka da murna, aka gina gidan ibadar. Masana sun tafi a kan cewa wasu Moriscos masu ilimi ne suka ƙirƙire su, don su sama wa harshensu da mutanensu wurin zama a cikin sabon addinin. Fafaroma ya yanke cewa na jabu ne a 1682, kuma sai a 2000 fadar Vatican ta mayar da su Garnaɗa.

Kafin faɗuwar rana ka koma dandalin San Nicolás. Daga nan ake ganin Alhamra gaba ɗayanta, bayanta tsaunukan Sierra Nevada masu dusar ƙanƙara, waɗanda ƙololuwarsu, Mulhacén, mai tsawon mita 3,479, sunan Sarki Abul Hasan take ɗauke da shi. Dab da dandalin akwai masallacin da aka buɗe a 2003, lambunsa a buɗe yake ga kowa, kuma ya fi dandalin natsuwa.

Abin da ke cikin faranti

A Garnaɗa abinci ma shaida ne. Takardun kotun binciken aƙida ta coci sun nuna an tuhumi mutane saboda ƙin naman alade da giya, da suya da man zaitun maimakon kitsen alade, da cin kuskus a zaune a ƙasa. Cin alade a bainar jama'a ya zama hanyar nuna cewa kai Kirista ne na gaske. Bayan korar Moriscos aka kawo manoma daga wasu sassan ƙasar suka zauna a Alpujarras, yau yankin ya shahara da busasshen naman alade da ake kira jamón. Don haka wanda ba ya ci ya yi hattara: jamón yana shiga wake da miya da ƙwai ba tare da an faɗa ba, kitsen alade kuma, manteca, yana shiga kayan zaƙi irin su mantecados. Kalma biyu za su taimake ka, sin cerdo, wato ban da alade.

Al'adar garin ita ce tapa: in ka sayi abin sha, ko da lemon kwalba ne, za a kawo maka ɗan faranti kyauta, kuma mai shago ne yakan zaɓa, shi ya sa gara ka yi magana tun farko. A titin Calle Navas akwai masu soyayyen kifi da jatan lande. Ka nemi berenjenas con miel, soyayyar gauta irin babbar nan mai launin shunayya, an yaryaɗa mata maɗin rake. Gautar da raken duka Musulmi ne suka kawo su ƙasar, kuma an yi ta noman rake a gaɓar tekun Motril har farkon wannan ƙarni. Ka nemi remojón, haɗin lemon zaƙi da busasshen kifi mai gishiri da zaitun da albasa. Sunayen da kansu suna tona asiri: azúcar shi ne sukari, aceite daga az-zait, arroz daga ar-ruz, acequia daga as-saƙiya. Shugaban gari ma alcalde ake ce masa, daga al-ƙadi, tushen da ya ba mu alƙali.

A titin Calderería Nueva akwai shagunan shayin na'a-na'a da gidajen abinci masu naman halal da kuskus da tajin. Abincin yana da daɗi, amma kada ka ɗauka gadon Banu Nasr ne. 'Yan Maroko da sababbin Musulmin Sifaniya ne suka raya titin a 'yan shekarun baya-bayan nan. Kuskus ɗin da aka kai mutane kotu a kansa ya bar garin tare da masu shi, ya dawo bayan ƙarni huɗu a hannun wasu.

Waɗanda suka fita

Akwai Garnaɗar da ba a ganinta a Garnaɗa. Mawaƙi Abu Ishaƙ as-Sahili ya haɗu da Mansa Musa a Makka a 1324, ya biyo shi Mali, ya gina masa zauren fada, ya rasu a Tambutu a 1346. Ibn Baɗuɗa ya ziyarci Garnaɗa wajen 1350 kafin ya ratsa Sahara har Takedda a ƙasar Nijar ta yau, kuma ɗan Garnaɗa ne, Ibn Juzayy, ya rubuta masa labarin tafiyar. Hasan al-Wazzan, wanda aka haifa a birnin dab da faɗuwarsa, aka yi hijira da shi zuwa Fas yana ƙarami, shi ne Leo Africanus da littafinsa ya fito a Italiya a 1550 ɗauke da bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Jaudar Basha, wanda ya jagoranci rundunar Maroko ta karya Songhai a Tondibi a 1591, daga wani gari na tsohuwar masarautar Garnaɗa ya fito. Alƙali Iyad, mai Ashafa da ake karantawa a masallatanmu da azumi, ya yi alƙalanci a Garnaɗa na ɗan lokaci. Shaɗibi mai Muwafaƙat a nan ya rayu ya rasu a 1388. Mawwaƙ, mai sharhin Mukhtasar, ya rasu a shekarar da birnin ya faɗi.

Waɗanda suka rage a Sifaniya sun gwada wata hanya. A Aragon da Kastila, inda Larabci ya riga ya gushe daga bakinsu, Moriscos sun riƙa rubuta harshen Sifaniyanci da haruffan Larabci. Aljamiado ake kiran rubutun, daga al-ajamiyya, kalmar da ta ba mu ajami. Da tsanani ya yi tsanani suka ɓoye littattafan cikin bango da ƙarƙashin daɓe. A 1884 masu gyaran wani gida a ƙauyen Almonacid de la Sierra suka ci karo da tarin irinsu, shekara kusan 270 bayan an kori masu su, a garin da babu sauran mai karanta su.

A sana'armu ta rubuta manhaja akwai ƙa'idar da kowa ya sani: bayanin da ke wuri ɗaya tak, a lissafa shi cikin abin da ya ɓata, kuma kwafin da ba a taɓa buɗewa an gwada ba, ba a dogara da shi. Littattafan Bib-Rambla wuri ɗaya suke, rana ɗaya ta ishe su. Na Almonacid an adana takardar, masu karatun ne suka ƙare. Tuhfa kuwa an kwafe ta a Fas da Tilimsan da Tambutu, malami ya biya wa almajiri, almajiri ya zama malami, har ta iso zaurukan Katsina da Kano. Mai tafiya Garnaɗa zai ga fadar sarakunan da Ibn Asim ya yi wa aiki da magudanar da ta shayar da garinsa. Littafinsa kuwa, in yana son ya saya, kasuwar Kurmi ta fi kusa.